Ƙwaron Shekara Sha Bakwai

Asabar, 2 ga Maris, 2013

Khairat ce ke rubutawa, matar Malam Ja'afar, masu ɗakin da ke ƙasa da nawa. Ni Bakhita nake faɗa. 'Yar Mai Wurno ce ni, can Sudan, Bahaushiya uwa da uba. Allo na yi kaɗan aka cire ni, boko ko rana ɗaya. Na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara min baki. Littafin nawa ne, ƙarƙashin katifata zai zauna.

Yau fara ta shigo Alƙahira. Shi ya sa na ce a fara rubutu, don kar gobe a ce tsohuwa ta ƙara gishiri.

Da la'asar ina kwashe shanya a saman bene na ga sama ta yi ja. Matan Masar sai ihu, jarad, jarad, wato fara, ana ta rufe taga. Mazansu suka tara tayoyi suka cinna wuta, hayaƙi ya cika unguwarmu Arba wa Nus. Tayoyi! Abinci ya sauko daga sama, su suna ƙona roba.

Na ce Khairat ta nemo min buhu biyu.

Lahadi, 3 ga Maris

Ana sallame asuba na fita. Fara ba ta tashi da sanyi, sai rana ta gasa mata baya. Ga ta nan jingim a katangar garejin bayanmu, kamar an liƙa. Tsinta kawai. Mai gadin gidan ya tsaya yana kallona baki buɗe, na ce ya riƙe min bakin buhu ko ya matsa. Ya riƙe.

Wadda ta faɗi rigingine tana shure-shure ba a ɗauka, an fesa mata magani. Ka shinshina. In ka ji kamar kalanzir, yar.

Ruwan gishiri ya tafasa, a zuba da bismilla. A tsame. A cire fukafukai da ƙafafun ƙaya. A shanya. Sannan mai, shaɗɗa, wato barkono, da lemun tsami. Ba wani sirri, amma ba wanda ya sani a layin nan sai ni.

Talata, 5 ga Maris

Ɗalibai Hausawa da ke unguwar Hay el-Sabi' sun ji labari. Tun azahar suke hawowa, manyan mutane masu gemu, littafi a hammata, suna lasar yatsa. Wani ɗan Damagaram ya ci, ya ce shekara shida rabonsa da ita. Na ƙara masa. Malam Ja'afar ya ce a gabansu, kowane ilimi da shehinsa, Haboba kuwa ita ce shehiyar fara. Ni ke nan, haka ake kiran kaka a Sudan. Suka yi dariya. Ni ban yi ba, ai gaskiya ya faɗa.

Sau huɗu ke nan ina ganin fara ta rufe rana. Biyu a Mai Wurno, ɗaya a Gadarif shekarar da ta cinye mana dawa a kwana ɗaya muka rama a kanta wata uku, sai wannan.

Lahadi, 10 ga Maris

Lahadi da la'asar ranar Hadeel ce, jikata. Khairat ke hawo da kwamfutarta, sai ga yarinyar a gilashi daga Amurka, wani wuri Bajiniya. Can safiya ce. Hausarta gurguwa, Larabcinta ma haka, amma muna gane juna. Na ɗaga mata farantin fara, ta yi ƙara ta rufe ido.

Khairat ta ce a rubuta maganar uban, tunda littafin nawa ne. To a rubuta.

Uban Hadeel ɗana ne na fari, ba na kama sunansa. Shekara sha ɗaya da suka tafi, shi da matarsa Mahasin da yarinyar. Bayan shekara biyu mijina Malam ya kwanta ciwo. Wata huɗu yana tambaya, ya zo? Bai zo ba. Wai takarda ba ta fito ba, in ya fita ba zai koma ba. Baƙi suka ɗauki gawar uban. Ranar uku ya bugo waya, na karɓa na ce wallahi tallahi ba zan ƙara yi maka magana ba sai ka tsaya da ƙafarka a kan kabarin ubanka. Na ajiye.

Shekara tara. Ban karya ba ko sau ɗaya. Ina magana da Mahasin, ina yi da Hadeel. In ya gifta ta bayansu sai in kalli bango.

Khalas, rufe littafin.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Fara ta ƙare, har ta gwangwanin da na ɓoye. Ciwon gwiwa ya dawo.

Lahadi, 5 ga Mayu

Yau an so a raina min hankali.

Hadeel ta ce, Haboba, mu ma jarad zai zo mana. Na ce daga wace hamadar? Ta ce ba daga sama ba, daga ƙasa. Wai shekara sha bakwai yana binne, bana zai fito, duk gari ana jira. Wai tsofaffin can da sunan fara suke kiransa.

Na ce ƙarya ne, ko wa ya faɗa miki.

Ni za a gaya wa fara? Ta sa gindinta a rairayi mai laima ta zuba ƙwai. Sati biyu, ɗango ya fito, ba fiffike, sai tsalle. Ya yi ta saɓa har ya yi fukafukai, wata ɗaya da 'yan kwanaki. Ya ci, ya haihu, ya mutu. Ina shekara sha bakwai a nan? Jaki ma sai mai rabo.

Malam Ja'afar ya shigo da abokansa biyu, ya duba wayarsa ya ce, Haboba, ai ga shi an rubuta. Na ce Ustazu, wanda ya rubuta ya taɓa cika buhu? Ya ce duniya da faɗi. Na ce faɗinta bai kai ta sake wa fara hali ba. In abin nan ya fito fara ce, ku daina ce min shehiya, ku kira ni Bakhita gatsal, har yaranku.

Ya ce an ji, akwai shaidu.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ramuka kawai Hadeel ta nuna min a gindin bishiya, kamar an caccaka yatsa a ƙasa. Da yawa dai. Ba abin da ya fito. Wai suna jira ƙasa ta yi ɗumi.

Laraba, 15 ga Mayu

An ɗauke wuta sau uku. Na zauna ina tunanin ramukan nan, ban san dalili ba.

Lahadi, 19 ga Mayu

Sun fito.

Na sa an kira Malam Ja'afar ya zauna kusa da ni. Hadeel ta fita da wayarta tsakar gidansu. Subhanallahi. Jikin bishiya, katanga, tayar mota, ko'ina. Wasu na rarrafowa daga rami, launin ƙasa, duƙun-duƙun. Su hau, su kafe ƙafa, bayan ya tsage, wani fari fat ya zaro kansa a hankali ya bar rigar a rataye. Ta ce in ya jima sai ya yi baƙi. Rigunan sun taru a gindin bishiya har tana shara da tsintsiya.

Na ce kamo min ɗaya baƙi, kawo shi kusa. Ta kamo da tsinin yatsu tana ƙyaƙƙyafta ido. Idonsa ja kamar gauta. Fiffike garai-garai. Na ce juya shi. Ta juya.

Na ce Ustazu, ina cinyar?

Ya ce wace cinya?

Na ce ta tsalle. Fara ba cinya? Kuma duba bakin. Ina abin tauna? Tsinke ne da shi kamar na kuɗin cizo. Wannan ko ganye ɗaya ba zai iya ci ba, balle gonar dawa.

Hadeel ta ce haka malamarsu ta ce, ba ya cin ganye, tsotso yake, kuma sunan fara da ake kiransa da shi kuskuren mutanen da ne. Malam Ja'afar ya shafa gemu. Khairat ta yi guɗa ƙasa-ƙasa, ya harare ta.

Daga nan Alƙahira, ta gilashi, da ido ɗaya mai yana. Rubuta wannan da kyau.

Talata, 21 ga Mayu

Shekara sha bakwai ɗin kuwa gaskiya ce. Ban ce ba a yi ba, cewa na yi fara ba ta yi. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wannan ne ganinta na huɗu, tana da hotuna. Tsohuwa ba ta yi wa tsohuwa ƙarya a kan ƙwaro.

Abin da ya tsaya min, me yake yi a can ƙasa? Wai yana maƙale a saiwar bishiya yana tsotsa, shi kaɗai, ba ya ganin kowa. To wa ke ƙirga masa? Ba wata, ba azumi, ba sallah. Kuma duk su tashi lokaci ɗaya, ba mai riga wani da shekara. Malam Ja'afar ya ce ikon Allah. Na ce na sani, ai ban ce ikon gwamna ba. Hadeel ta ce ana zaton ta ruwan bishiyar yake gane shekara ta juyo. Zato dai.

Khairat ta lissafa min baya. Shekarar da suka shiga ƙasa ita ce shekarar da aka haifi Hadeel, a ɗakin nan, kan tabarmar da ke bayan ƙofa. Ni na karɓe ta. Malam ya yi mata huɗuba. Uban yana tsaye a matakala yana ta leƙe kamar shi ke naƙudar.

Cire wannan na ƙarshen. To bar shi, kin riga kin rubuta.

Juma'a, 24 ga Mayu

Hadeel ta aiko tambaya, ana ci? Wai wasu a can suna ci, kuma tana so ta kai makaranta ta ce girkin kakarta ne.

Malam Ja'afar ya kwana biyu yana buɗe littattafai. Ya ce tunda ba fara ba ce, malamai sun saɓa, amma a abin da ya karanta na mazhabarmu, in ba ya cutarwa kuma an kashe shi da niyya da bismilla, ba laifi. Na ce da ka tambaye ni da na rage maka wahala.

Na ba da saƙo dalla-dalla. A kama da sassafe. Matan sun fi, masu ƙwai. A tafasa da gishiri tukuna. A cire fukafukai. A bari ya tsane sarai kafin ya ga mai. Na sa Khairat ta karanta min sau biyu.

Lahadi, 26 ga Mayu

Ba mu ji juna ba yau saboda kukansu. Kamar injin niƙa ɗari a tashe. Mazan ne wai, mata suke kira. Na ce ai ko ba a faɗa ba.

Uban ya gifta ta bayanta da kwandon shara. Na kalli bango. Amma kafin in kalla na ga kan. Fari. Yaushe?

Lahadi, 2 ga Yuni

Ba na son a rubuta na yau. Khairat ta ce in ba a rubuta ba littafin ya zama na ƙarya. 'Yar nan ta fara yi min baki.

Hadeel ta kafa wayar a kicin don in ga girkin. Mahasin ta tafi aiki. Na zaci yarinyar ce za ta yi. Sai ga shi ya shigo da roba cike, ya ɗora kasko, ya tsiyaya mai. Bai kalli wajena ba, ni ma bango nake kallo. Amma kunne ba ya da murfi. Ban ji tafasar ruwa ba. Na saci kallo.

Ɗanyu. Da ransu, da fukafukansu, jiƙe da raɓa, ya ɗebo da hannu biyu zai watsa cikin mai mai zafi, yarinya tana tsaye dab da kaskon da fuskarta.

Abin da ya fito daga bakina ya fito.

Ya tsaya da hannu a sama. Ya mayar da su roba. Ya kashe wuta, ya ɗora tukunyar ruwa, ya zuba gishiri daidai yadda ake zubawa, bai auna ba. Ya ce, to Inna. Sau ɗaya. Muryar ta yi kauri, irin ta Malam.

Sai aka ɗauke wuta a nan, layin ya yanke. Khairat tana ta share ido da gefen mayafi. Na ce ta sauka ta duba tukunyarta.

Litinin, 3 ga Yuni

Shari'a aka yi yau a ɗakina. Ni na kira ta, don na san ina da gaskiya.

Na ce Ustazu, ban yi masa magana ba. Kai na ce. Mutum in ya ga wuta ai kai yake cewa, ko ba kowa a wurin. Ko akuya ce ta shiga gona.

Ya ce wannan ya wuce, kai tana da fuska biyu. Sai me kika ce?

Na ce, a cire fukafukan, a tafasa tukuna. A cire na ce. Ban ce ka cire ba. A ta kowa ce, har da Hadeel, har da bango.

Ya ce wallahi Haboba da kin yi karatu da mun shiga uku. Wannan ma ya wuce. Shi ke nan?

Na ce shi ke nan.

Khairat ta ce, saura ɗaya.

Na ce ke aka tambaya?

Ta ce, Haboba, cewa kika yi, haka na koya maka?

Malam Ja'afar ya juya maganar, ya juya ta, ya ce ma'alish, sai haƙuri, maka ba ta da ƙofar baya. Namiji ɗaya take nufi, kuma namiji ɗaya ne a kicin ɗin. Rantsuwa ta karye. Sai kaffara, ciyar da miskinai goma. Ya ce kuma a sanina, rantsuwar da ta raba uwa da ɗa, karya ta ya fi riƙe ta.

Na ce ban tambaye ka wannan ba.

Shekara tara. Ƙwaro.

Laraba, 5 ga Yuni

Uban Hadeel tun yana da shekara bakwai yake cire wa fara fukafukai, ya fi ni sauri. A Gadarif shi ke tsaya min a kan tukunya. Mutumin da ya zuba gishiri haka bai manta komai ba.

Da gangan ya yi. Ya san ba zan iya gani in yi shiru ba.

Wayon nan ba na gidan ubansa ba ne, su ba su da shi. Nawa ne.

Lahadi, 9 ga Yuni

Sun fara mutuwa. Hadeel ta ce wari ya cika unguwa, ana kwashewa da shebur. Matan sun tsattsaga ƙananan rassa sun zuba ƙwai. In an yi sati shida ko fiye, 'ya'yan za su faɗo kamar ƙwayar shinkafa, su tone su shige. Iyayen ba za su gan su ba. Sai shekara ta dubu biyu da talatin.

Ta ce, Haboba, lokacin za ki zo mu kama tare. Na ce lokacin ina ƙasa ni ma, kuma ni ba fitowa zan yi ba. Ta ɓata fuska. Na ce ke za ki soya, kina da shekara talatin da huɗu, ki tafasa tukuna.

Girkin wai ya ƙare tas a makaranta, har malamar ta ci uku. An rubuta sunana a allo, da Mai Wurno a ƙasa. Na sa ta maimaita.

Bai gifta ba yau. Ban tambaya ba. Wai ya fita da mota tun asuba.

Juma'a, 14 ga Yuni

Rubuta wannan a tsare, don kowa ya san abin da ke kansa.

Ni ana bina ciyar da mutum goma. Gobe zan tuƙa asida da miyar kuɓewa busasshiya, da nama, ba ƙashi ba. A kira matan nan na bayan masallaci da 'ya'yansu ba sa aiko musu komai, su na sani. Ba ɗalibai ba, sun ci rabonsu. Da hannuna zan tuƙa, kar kowa ya taya ni.

Malam Ja'afar, ina binsa magana. A gaban mutum biyu ya ce duniya da faɗi, a gaban su biyun zai ce ba fara ba ce. A ɗaki ya faɗa, bai isa ba.

Khairat, ba na binki komai, ke ma ba kya bina. Bakinki dai ya yi tsawo.

Uban Hadeel, ubansa na binsa tsayuwa a kan kabari. Wannan ba nawa ba ne balle in yafe, asida ba ta goge shi. A gaya masa haka.

A'a. Kar a gaya masa. Ba saƙon aike ba ne.

Jibi Lahadi. Ki cika wa kwamfutar caji tun da safe, kar wuta ta yi mana irin ta ranar nan. In shi ya ɗauka, ki bar ta a kunne ki sauka.